Kwantenar Yaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Tunda wayarka ta zama ta manya, sai a yi ta kira ba a ɗagawa, ga takarda ta hannun wani matafiyi da ke zuwa ƙasar da kake.

Hoton da ka turo ya hana unguwa sakat. Ga ka tsaye jikin jar kwantena, hannu a kan sakata, da wata kwat da ban san ka da ita ba. Mama ta sa an wanke shi, ta rataye a falo. Duk wanda ya shigo sai ya sha labari kafin ya sha ruwa: wai ta tambaye ka a waya ko duk kayan ciki naka ne, ka ce mata naka ne. Ka san mutanenmu, a wajensu wanda ya sauke kwantena ya gama zama mutum. Mai kantin bakin layi da ko gaisuwarmu ba ya amsawa, yanzu shi ke fara gaishe da Mama. Gwaggo ta ce a ware mata firji. Ni ban roƙi komai ba, amma dai lambar takalmina ba ta canja ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Mama ta ce wa Baba Tela ya tashi daga shagon ƙofar gida kafin ƙarshen wata, don a nan za a jibge kayanka. Tun Babanmu yana da rai yake haya a wurin, shi ya ɗinka maka kayan makarantarka na farko. Da ta faɗa masa bai yi musu ba. Ya ce Allah ya sanya alheri, ya ci gaba da taka kekensa. Wallahi sai da na ji wani iri.

Mama tana sa maka albarka. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni cikin ƙoshin lafiya, na kuma gode da kulawa. Rashin ɗaga waya yawan aiki ne, ba wani abu ba.

Game da batun shago, ina ganin kada a yi gaggawa. Harkar jirgin ruwa ba ta da tabbas, wani lokaci kaya sukan jima a tasha kafin a sake su. A bar Baba Tela a wurinsa tukuna. Idan kaya sun iso za a san yadda za a yi. Hoton kuma da an cire shi daga falo, saboda bakin mutane.

Ki gaishe da Mama da kyau, ki gaishe da Gwaggo.

Naki, Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wa Mama takardarka. Ta yi dariya, ta ce halinka ne tun kana yaro, ba ka son a yabe ka. Ta ce ko jirgi ya makara ai zai zo, gara ya tarar da wuri a share. Har ta sa an kawo fenti.

Baba Tela ya sauke allonsa. Ya fara bin waɗanda suka kawo masa ɗinki gida-gida yana mayar musu da yadinsu, ya ce bai sami wani shagon da ƙarfinsa zai kai ba. Jiya na gan shi yana ɗaure zare a leda, gilashinsa a kan hanci, har ya tambaye ni ko jirgin Yaya ya taso.

Yaya, ciki ɗaya muka fito. Ban taɓa jin ka yi min magana kamar ma'aikacin banki ba sai a takardar nan. Mene ne a cikin kwantenar? Ka faɗa min tsakaninka da Allah, tun tsohon nan bai kwashe kekensa ba.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Na yaga takarda ta fi a ƙirga kafin wannan.

Kwantenar ba tawa ba ce. A nan ƙananan mutane irina haɗuwa muke yi, kowa ya sayi ɗan gurbi a ciki, wani buhu biyu, wani katifa, wani tsohuwar talabijin. Nawa kwali uku ne. Barguna, tukwane, agogon bango, da takalminki. Duk na hannu ne.

Aikina kuwa shara. Idan aka sauke kaya, ni ke shiga kwantena in share, in wanke, in kankare abin da ya zube. Daga nan a rufe ni a ciki in duba ko haske yana shigowa ta wani wuri, don in haske ya shiga ruwa ma zai shiga. Kayan duniya kaf ta gabana suke wucewa, daga allura har injin niƙa, ni kuma ƙurarsu ce rabona. Kwat ɗin ma ta mai gadinmu ce.

Ban yi niyyar ƙarya ba. Da Mama ta tambaye ni, na ji muryarta cike da murna, rabon da in ji ta haka tun kafin rasuwar Baba. Sai bakina ya riga ni. Tun ranar, in na tuna, abinci ba ya wuce min.

Don girman Allah ki faɗa mata. Ke kin iya lallaɓa ta, ni in na ji muryarta ba zan iya ba. Ki hana a tashi Baba Tela. Wakilin da ke raba kaya zai kira lambar Mama in sun iso.

Ki yafe min.

Yayanki

*

Yaya,

Ina fatan kana lafiya. Na jima ban rubuto ba, don ban san da wane ido zan kalli takardar ba.

Da na karanta taka na yi niyyar wanke ka tas. Kai ka ɗaura kaya, ni za a ɗora wa? Sai ga shi ni ma na kasa. Na shiga ɗakin Mama da maganar a bakina, na tarar da ita tana auna labulen da za ta sa wa shagon, tana cewa Allah ya share mata hawaye. Na ce mata labulen ya yi kyau, na fito. Kullum sai in ce gobe. Ina cikin goben nan Baba Tela ya kawo makulli da hannu biyu, ya yi godiyar zaman shekaru, aka ɗora kekensa a amalanke. Ina tsaye a bakin ƙofa, takardarka tana cikin jakata. Don haka kada ka ce in yafe maka, jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Rana ba ta ƙarya. Wakili ya kira, Mama ta ɗauki hayar babbar mota da 'yan dako, ta yi kwalliya, muka tafi. A hanya na so in yi magana, ƙarar mota ta ba ni uzuri. Mun tarar da mutane cike a filin, an buɗe kwantenar, ja ce kamar ta hoton. Wakili yana kiran suna, kowa yana jan nasa. Da aka zo kan Mama aka turo kwali uku. Ta tsaya tana jiran saura. Wakili ya ce, "Mama, ki matsa, akwai mutane a bayanki."

Ta juyo ta kalle ni. Ban iya ɗaga kai ba. Ta ce, "Kin sani?" Na ce na sani. Ta juya ta kira 'yan dako.

'Yan dako suka ɗora kwalayen a tsakiyar motar, kowa yana kawar da kai don kada ya yi dariya. Direba ya ce ko ya bi ta bayan layi. Mama ta ce ya bi ta gaba, ta inda muka fito. Rabin unguwa suna ƙofar gida, har da Gwaggo da mai kantin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mama ta sauko, ta ɗauki kwali ɗaya da kanta, ta gaishe da kowa, ta shige ciki.

Maganar mutane ba ita ta fi ci mata rai ba. Washegari muka ji Baba Tela ya sayar da kekensa, tunda ba wurin kafa shi. Yanzu yana zaune a gidan surukinsa. Mama ta ce in kawo biro, za ta faɗa in rubuta. Ga tata nan a haɗe.

Auta

*

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina yi maka addu'a. Kaya sun iso. Bargon yana da kyau.

Shara sana'a ce, ba ita ta ba ni kunya ba. Kai ka yi ƙarya, ni kuma na kori mutum da bakina, kowa ya ɗauki nasa.

Na je wajen Tela da ƙafata, na kai masa makullin. Ya shimfiɗa min tabarma, ya tambayi lafiyarka. Na faɗa masa komai. Ya ce ba komai, dama idonsa ya gaji. Ƙarya yake yi don ya rufa min asiri. Makullin kuma ya ƙi karɓa, ya ce me zai buɗe ya yi a ciki.

Kada ka sake aiko min da komai sai keken ɗinki, ko tsoho ne. Ka rubuta sunansa a jikin kwalin. Ban sani ba ko zai karɓa. Ka haɗa da takarda da hannunka, ni na riga na yi nawa durƙuson.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka