Wurin Ƙafar Tsohuwa

Litinin, 3 ga Yuni

Auta ta haihu! Mace. Na zama kaka. Bari in sake rubutawa in gani da idona: na zama kaka.

Bakwaini ce, ta yi gaggawar zuwa, an sa ta a kwalba. Ta bayan gilashi aka nuna mini ita. Duk tsawonta bai kai sifanar kwance taya ba. Na ce wa nas, "Ku kula mini da amaryata, na daɗe ina jiranta." Ta yi dariya, ta ce ango ya je ya wanke hannunsa tukuna.

Tela, mijin Auta, yana tsaye a gefe ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ni ma haka.

Da na dawo gida na buɗe baki zan ce, "Tsohuwa, albishirinki." Sai na tuna. Bara war haka matata tana nan.

Talata, 4 ga Yuni

Asibitin nan ne dai. Ƙofar nan ce dai. Ranar da na kai Tsohuwa a a-kori-kurata, mu biyu muka tafi, ni kaɗai na dawo, jakarta a kan kujera.

Na yi wa kaina alkawari: ranar da za a sallami yarinyar nan, motar nan ce za ta ɗauko ta. Ta dawo daga can ba kowa, ina so in ga ta dawo da mutum. Na faɗa wa Auta. Ta ce, "To, Baba," irin "to" ɗin uwarta, wanda ba ka sanin ko i ne ko a'a.

Sai dai birki yana ƙara, kuma yana jan motar gefe guda. Zan gyara da kaina kamar yadda na saba. Ban fara kai ta gareji ina saurayi ba, ba zan fara da furfura ba.

Alhamis, 6 ga Yuni

Wuni guda a tsakar gida. Na ɗaga gaba da jak, na cire tayoyin, na kwance ƙarafan nan biyu masu damƙe faifan birki. Na zuba su a daro na wanke tas, na sa sababbin robobi da sababbin takalman birki, na mayar. Bayana ya ƙage, amma raina fes. Har waƙa na kama kaina ina yi.

Amarya ta sha nono kaɗan ta roba, in ji Auta.

Juma'a, 7 ga Yuni

Na tayar da mota don in gwada. Na nufi ƙofar gida a hankali, na taka birki, sai ƙafata ta wuce har ƙasa kamar na taka soso. Kafin in ja birkin hannu na doki bishiyar lemon da Tsohuwa ta shuka. Babban reshen ya tsage.

Na daɗe a zaune a ciki. Ba motar nake kallo ba.

Na ɗaure reshen da tsumma. Ban sani ba ko zai kama.

Asabar, 8 ga Yuni

Iska ce ta shiga layin man birki, na san wannan. Fitar da ita kuma aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana ciki yana taka feda, ɗaya yana ƙasa yana sassauta ƴar kusar da iska ke fita ta cikinta. Tun muna da ƙuruciya Tsohuwa ce ke hawa. In ce, "Taka. Taka. Riƙe!" Ta ce, "Na riƙe." In ɗaure kusar in ce, "Saki." Wani lokaci ta ce, "Ni fa ba ka biya ni kuɗin aikin bara ba." Ba ta taɓa tuƙa mota ba, amma ƙafarta ta san birki. Ita ke fara cewa, "Ya yi tauri, fito haka."

Yau na yanki sanda na tokare fedar da kujera. In sauka, in kwance, in ɗaure, in hau, in cire sanda. Gwiwata ta gaji kafin iskar ta gaji. Feda tana nan lagwai-lagwai.

Sanda ba ta cewa "na riƙe."

Lahadi, 9 ga Yuni

Ban taɓa motar ba.

Talata, 11 ga Yuni

Amarya ta yi shawara, jikinta ya yi ɗorawa, an sa ta ƙarƙashin wata fitila an rufe mata idanu. Auta ta rame. Na je a motar haya. Na tsaya a bayan gilashi ina ta addu'a, ina lissafa hakarkarinta da ido.

A baranda Auta ta ga hannuna da baƙin mai a farce. Ta ce, "Baba, maƙwabta sun gaya mini batun bishiya." Na ce ƙaramin abu ne. Ta ce, "Don Allah ka bar motar nan. In an sallame mu ma hau tasi. Ba zan iya ba, Baba. Na rasa ɗaya, ba zan..." Ba ta ƙarasa ba.

Gaskiyarta. Amma maganar ta bi ni har gida.

Malaminmu na makarantar yamma ya taɓa cewa in abu ya tsaya maka a wuya, ka rubuta shi zai sauka. Na rubuta. Bai sauka ba.

Laraba, 12 ga Yuni

Na ƙara mai, na duba kowace mahaɗa ko tana yoyo. Babu ɗigo ko ɗaya. Na fara zargin babban famfon birkin. In shi ne, aiki ya dawo sabo.

Ko dai ni ne na lalace, ba motar ba.

Alhamis, 13 ga Yuni

Da hantsi na ji sallama. Tela ne, ya rufe shagonsa, ya zo da tsofaffin kaya a jikinsa. Tun da ya auri Auta ba na jin mun taɓa zama mu biyu kaɗai. Kunya yake ji, ni kuma ban taimaka masa ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, an ce aikin yana son ƙafa. Ni kuwa ƙafa ce sana'ata."

Dariya ta kuɓuce mini. Na ce ya hau.

Wai, ƙafar tela! Ya kama feda da sauri kamar yana ɗinka rigar da mai ita ke tsaye a kansa. Na ce, "Kai, a hankali, ba keken ɗinki ba ne!" Ya ce, "Afuwan, Baba." Da na ce, "Riƙe!" sai ya ce, "Na riƙe."

Sifana ta faɗi daga hannuna. Na ce masa ƙura ce ta shiga idona. Ya yi kamar ya yarda.

Mun zagaye tayoyin duka. Mai yana fita tsaf ba kumfa, amma feda ba ta yi tauri ba. Ya tafi da yamma, ya ce zai dawo.

Asabar, 15 ga Yuni

Fitilar ta yi aiki, an cire wa amarya ƙyallen ido. Ta buɗe ɗaya ta harare ni. Alhamdu lillahi. Na ce tun yanzu an fara.

Tela ya dawo. Da muka sake kasawa, na sauke girman kai na buga wa Dogo, tsohon bakanike, abokina tun muna lodi a tasha. Yanzu ba ya fita, ƙafa ta hana shi. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai tsohon banza, leƙa ka gaya mini. Kusar iskar nan ta gaba, a sama take ko a ƙasa?"

Na leƙa. A ƙasa. Duka biyun.

Ya yi ta dariya har da tari. Ya ce, "Ka sa ƙarfen dama a hagu, na hagu a dama. Iska sama take hawa, kai kuma kana buɗe mata ƙofa a ƙasa. Ko shekara za ku yi kuna takawa ba za ta fita ba."

Na kashe waya na zauna a kan taya. Na gane yadda aka yi. Duk lokacin da nake kwance mota, Tsohuwa takan shimfiɗa tsohon zanenta a dama, buhu a hagu. Duk abin da na miƙo daga ƙarƙashi, ita ke karɓa ta ajiye a ɓangarensa. Ban taɓa ce mata ta yi ba, ban ma taɓa lura cewa aiki ne ba. Na ɗauka hira ce kawai ke zaunar da ita. Wannan karon a daro ɗaya na zuba su.

Na ba Tela labarin. Ya tashi ya ɗauko buhu, ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa a ɗaya gefen.

Lahadi, 16 ga Yuni

Mun musanya ƙarafan. Kumfa ta yi ta fita kamar ba za ta ƙare ba. Can sai na ji daga sama, "Baba, ya yi tauri."

Na fito na taka da kaina. Dutse.

Mun zaga unguwa, ni a sitiyari. Motar tana tsayawa cak. Sai dai a mararraba wani mai keke ya ɓullo, kuma na ji da kaina tazarar da ke tsakanin ganina da takawata. Ba mu taɓa shi ba. Amma na ga hannun Tela a kan ƙofa.

Birkin lafiyarsa lau. Wannan na tabbatar.

Talata, 18 ga Yuni

Auta ta yarda da motar, bayan mijinta ya rantse mata ya gwada da ƙafarsa. Jibi za a sallame su. Na wanke kujeru, na shanya, na share baya ko da yake ba wanda zai hau can.

Reshen lemon bai bushe ba. Bai kuma yi sabon ganye ba.

Alhamis, 20 ga Yuni

Amarya ta zo gida. A motar.

Ni na tuƙa zuwa asibiti. Da suka fito, Auta ta tsaya a bakin mota da ita a hannu, tana kallona. Na ce wa Tela, "Karɓi makulli. Ango ba ya tuƙi ranar ɗauko amarya." Shi ke nan dalilin. Ina son in riƙe ta ne kawai.

Auta ta zauna a tsakiya, ni a bakin ƙofa, wurin Tsohuwa. Ban taɓa zama a nan ba. Hanya daban take daga wannan gefen, komai kamar zai shigo maka. Yarinyar ba ta da nauyi ko kaɗan, amma hannuna ya sage don tsoron motsi.

Da muka doshi mararraba na ji ƙafata ta danna ƙasa da kanta, inda ba feda. Sai ta faɗa cikin wani ɗan lotsi. Na duba. Robar shimfiɗar ta cinye a wurin, ta yi sumul, daidai girman ƙafar mace.

Duk shekarun nan. Tsohuwa tana taka nata birkin a nan, amma ba ta taɓa ce mini in rage gudu ba.

Auta ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya, amarya ce ta taka ni.

Tela yana tuƙi a hankali, ya fi ni haƙuri da masu keke. Da ya kawo ni gida ya miƙo makulli. Na ce ya riƙe tukuna, za su riƙa komawa asibiti awo, ga ni kuma da ciwon baya. In ya warke sai in karɓa.

Gobe zai biyo ya ɗauke ni in je in ga amarya. Na ce kada ya taɓa shimfiɗar gefen nan in zai wanke mota.