Hannuna Kaɗai Aka Nuna

Laraba, bayan isha'i

Yau aka nuna fim ɗin nan da suka zo ɗauka bara. Na sa babbar riga, na ja matata Mariama da maƙwabta, har muka cika tabarma biyu.

Mai fim ɗin cewa ya yi labari uku zai saƙa wuri guda: na wata mai gishiri a Teguidda, na shofer mai kai mutane Djado, da nawa, maƙerin azurfa. Kwana tara suka yi cikin maƙerata, ina ta zuba, har tarihin babana na ba su.

Labari biyu muka gani. Zoben da na ƙera shi ya haɗa su, daga yatsan matar ya koma hannun shofer. Ni kuwa hannuna kaɗai aka nuna, riƙe da awartaki. Ba fuska, ba murya.

Da aka tashi, maƙwabcina Malam Isufu ya ce gaban kowa, "Maƙeri, ko ka fito ne sa'ad da na tafi alwala?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, don dole.

A hanya Mariama ta ce, "Maigida, ni dai na gane ka, da tabon ƙunar nan."

Shekara talatin ina ƙira a garin nan, ashe sai matata kaɗai za ta shaida ni, ita ma da tabo.