Kafaɗar Inna ta Hagu

Lugbe, Abuja
Ranar Lahadi

Yaya Amatullah,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin na ƙani ga yayarsa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Kabir da yara baki ɗaya. Yaya garin Kumasi, yaya ruwa, yaya haƙuri da zaman nesa? Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya raya mana zuri'a, ya sa wata rana mu zauna a tabarma ɗaya kamar da. Yaya ciwon bayan nan da kika yi mini ƙorafi da azumi? Ina fata ya sauka, ba ɓoye mana kike yi ba kamar yadda kika saba.

Mu nan alhamdu lillahi. Uwargida Zulai ta yi fama da zazzaɓi wajen mako biyu, amma ta miƙe, har ta koma suyar awararta a bakin layi. Kauthar ta shiga aji huɗu, surutu sai abin da ya ƙaru. Ruwan bana ya cinye mana hanyar unguwa, idan an yi da safe sai mutum ya riƙe takalmi a hannu kafin ya kai titi. A gida Yangoji kuwa doya ta yi kyau, Kawu Solomon ya ce rabon da ya ga irinta tun kafin rasuwar Baba. Inna lafiyarta ƙalau daidai da shekarunta, tana cin abinci, tana sallarta a tsaye, gwiwa ce kawai ke taɓa ta in an yi sanyi.

Na san za ki ce mene ne na takarda a zamanin waya. Wallahi sau huɗu ina danna saƙon murya ina gogewa. Da Murtala direba ya ce jibi zai ɗauki albasa zuwa wajenku, sai na ga gara in haɗa masa hoton da takarda, ki karanta a nitse. Maganar hoton Inna ce, wanda kika roƙe ni tun da kika ji na shiga koyon sana'ar. Kin ce babba kike so, na bango, don yaranki su san fuskar kakarsu, tunda shekara goma sha ɗaya ba ki zo ba, kuma in an kira ta a waya rabin fuska take nunawa, sauran rufin ɗaki. To ga hoto nan a cikin kwali. Amma don Allah kada ki buɗe sai kin kai ƙarshen takardar nan.

Bari in fara miki daga farko. Kin san tun da tasi ta mutu mini a titin filin jirgi na haƙura da tuƙi, na shiga situdiyon Oga Zacharias a Wuse. Yaya, na ɗauka hoto dannawa ce kawai. Ashe wahala na je nema da ƙafata, ina ɗan shekara arba'in da uku. Kullum in fito Lugbe da sassafe, in yi kokawar mota, in isa a jiƙe da gumi, in wuni a tsaye. Mako uku na farko mutumin nan bai bar ni na ɗauki ɗan Adam ba. Ƙwai guda ɗaya ya ajiye mini a kan kujera, ya ba ni fitila, ya ce in yi ta zagaya shi da ita ina kallon inda inuwa ke faɗuwa. In na kawo fitilar gaba sosai ya ce na kashe ƙwan, ya zama faranti. In na kai ta gefe ya ce na raba shi biyu. Ranar da ƙwan ya faɗi ya fashe har daɗi na ji, sai ga shi ya ciro wani daga aljihu. Daga baya ne na gane abin da yake nufi: fitila ta zauna a gefe, ta ɗan fi ido tsayi, a sa farin allo a ɗaya ɓangaren ya mayar da ɗan haske, kuma lallai a ga ɗigon haske a ƙwayar idon mutum, in babu shi fuska ta mutu. Wannan kam na iya shi yanzu. Ko a masallaci na zauna sai in kama kaina ina duban yadda hasken taga ke sauka a kumatun liman.

Bayan haske sai zaunar da mutum, nan ne Oga ya fi zafi. Mutumin Binuwai ne, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Kullum faɗinsa, kwastoma ba ya zauna kamar buhu, madam ya juya jiki kaɗan, ya turo haɓa gaba, ya sauke shi ƙasa, hannu ya samu aiki. Amma babbar dokarsa kafaɗa. In ya duba hoto ya ga ɗaya ta fi ɗaya, ko kallon fuskar ba ya yi, sai ya buga tebur ya ce, Dallatu, shoda, shoda, wannan ba lebul ba, wato kafaɗun ba su daidaita ba. Na sha wannan tsawa har ta shiga jinina. A gida na yi ta gwaji a kan Zulai, in ce ɗaga nan, sauke can, har ta ce in na ƙara taɓa mata kafaɗa tana tuƙa tuwo, da muciya za ta daidaita tawa.

Da na ga hannuna ya ɗan faɗa, sai na ari kyamara da farin allo na tafi Yangoji ranar wata Asabar. Inna ta yi murna ƙwarai da ta ji ke kika aiko. Ta yi wanka, ta ciro atamfar nan shuɗiya da kika aiko mata, ta sa kwalli. Na zaunar da ita a bakin ƙofar ɗakinta wajen la'asar, haske na shigowa ta gefe, taushi kamar an tace shi. Na leƙa kyamara, Yaya, fuskar nan ta fito, idanun nan da kika sani. Sai idona ya sauka a kafaɗa. Ta hagu ta faɗa ƙasa da kusan tafin hannu, wuyan ya ɗan karkata dama. Ni da ke mun san dalili. Shekara sittin matar nan tana ɗora kaya a wannan kafaɗar kamar kowace mace a garinmu, itace, doya, tulun ruwa daga rafi, don ita har gobe cewa take kai ba jaki ba ne da za a ɗora masa kaya. A kafaɗar nan aka kai doyar da aka sayar aka sa mu makaranta. Duk na san wannan. Amma a lokacin ba ɗanta ne ke riƙe da kyamara ba, ɗan koyon Oga ne. Na ce Inna ɗaga hagu. Ta ɗaga, ta koma. Na ce ƙara. Na je na kama da hannuna na ɗaga, na saki, ta koma. Mama Lucia maƙwabciyarta tana tsaye tana dariya, tana cewa yau Dallatu zai gyara abin da Allah bai gyara ba. Inna ma dariya take, ta ce wai ita ba ta ga abin da nake gani ba. Ƙarshe na naɗe wani tsumma na cusa ƙarƙashin rigarta a kan kafaɗar, na ja mayafi na rufe, na ɗauka.

Abin da tsumma bai ƙarasa ba na ƙarasa a kwamfuta. Kwana biyu na yi a kai, na ɗaga kafaɗa, na miƙar da wuya, na share kantar nan baƙa da ke gefen wuyanta. Da Oga ya gani, karo na farko cikin wata bakwai ya dafa ni, ya ce yanzu na zama fotogirafa, wannan mama kamar matar minista. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi har cikin raina. Ranar a mota ina ta murmushi ni kaɗai kamar wawa.

Na wanke guda biyu, naki da nata, na kai mata mako na gaba. Ta karɓa da bisimilla, ta fita da shi tsakar gida inda ya fi haske, ta daɗe tana kallo. Na zaci za ta ce ba ita ba ce, da ta faɗi haka ma da sauƙi. Sai ta ce ma sha Allahu, ya yi kyau. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ɗan madubin nan nata mai tsaga, wanda fuska kawai yake nunawa, ta riƙe shi nesa iyakar tsawon hannunta, tana karkata shi ƙasa. Ta dubi madubi, ta dubi hoto, ta sake duban madubi. Sannan ta ce, a hankali, ashe haka take tafiya a karkace duk shekarun nan. Na ce Inna ba komai ba ne, dokar aiki ce kawai. Ta ce ai ta gani, dokar ta fi ta gaskiya. Ta jingina hoton a bango, ta shiga zuba mini abinci, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Na koma aiki ina ɗaukar amare da masu neman fasfo, ina cewa juya, sauke haɓa, amma hankalina na Yangoji. Na faɗa wa Oga, ya ce ba a kawo tausayi cikin sana'a, kwastoma ya ce ya yi kyau, magana ya ƙare. Ban yi musu da shi ba, ba ni da ƙarfin musu yanzu. Jiya Asabar na sake aron kyamara na koma, da niyyar in ɗauke ta yadda take, kafaɗa da kantar wuya da komai, in aiko miki da wannan, wancan kuwa in ajiye shi ƙarƙashin gado.

Ban samu ba, Yaya. Tun a ƙofar gida Mama Lucia ta tare ni, wannan karon babu dariya. Ta ce me na yi wa ƙawarta? Ta ce ranar sunan jikar Kawu Solomon, Inna da tsumma a kafaɗa ta je, cikin zafin nan, ta yafa mayafi biyu. Ranar kasuwar Kwali ma haka. Matar da ke fita da ɗaurin ƙirji ta zagaya gari ba ruwanta, yanzu ko maƙwabta za ta shiga sai ta tsaya gyara. Na shiga na same ta tana tsince wake. Da ta ga kyamara sai ta ce in jira, ta tashi za ta ɗauko tsumman. Har ta yi masa ɗinki, ta sa masa igiya. Na ce Inna ki bar shi, yadda kike nake so, Yaya Amatullah ma haka za ta fi so. Ta ce a'a, ba za ta bari jikokinta na Ghana su fara ganinta a karkace ba, su da ba su taɓa ganinta ido da ido ba. Na roƙa, na rantse mata cewa ni ne na yi kuskure. Ta ce ba kuskure, ai makaranta na je na koyo. Na zauna a kan turmi da kyamara a cinya har hasken ya wuce, ban ɗauki ko ɗaya ba.

Saboda haka hoton da ke cikin kwalin nan shi ne na farkon, gyararren. Ba ni da wani. Haskensa ya yi daidai, ɗigon nan na cikin ido yana nan, duk wanda ya shigo falonki zai yaba. In kin rataye ban ga laifinki ba. Amma ki gaya wa yara cewa kakarsu ba haka take ba, ki nuna musu a jikinki inda kafaɗar take tsayawa, ki faɗa musu abin da ya saukar da ita. Ni na gaji, Yaya, gajiyar da ba ta mota ba ce. Gobe Litinin zan koma Wuse in ci gaba da daidaita kafaɗun mutane, don ita ce sana'ar da ta rage mini.

Ki gaishe mini da Yaya Kabir da kyau, ki gaishe da Sadiya da Nu'aima da auta Bilkisu. Zulai na gaishe ki, ta ce ta sa miki daddawa a gefen kwalin, kada ki bari warin ya kama hoton. Kauthar na gaishe da 'yan'uwanta. Kawu Solomon da iyalinsa da Mama Lucia duk suna miƙo gaisuwa.

Inna ma tana gaishe ki, ta sa muku albarka ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Da ta rako ni bakin hanya ta ba ni saƙo, ta ce lallai in rubuta, kada in manta. Ta ce in tambaye ki, tsakaninki da Allah, ke ma kin daɗe da sanin a karkace take kika yi shiru? Na ce mata zan tambaya. Ranar Juma'a za ta je gidan Kawu ta jira kiranki. Ni ban san abin da za ki ce mata ba.

Wassalam.

Ƙaninki,
Dallatu