Gidan Saribulan a Kan Kafaɗu

Salo Cenning,
Watan Rajab.

Zuwa ga ƙanena Mappiare,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Nurhaeda da yaran. Gaisuwar ke nan, ka yi haƙuri da gajartarta, raina a ɓace yake.

Jiya mai gari ya tara mu, wani saurayi daga ofishin madatsar ruwa ya karanta mana abin da ya shafe mu. Cewa ruwa zai cinye kwarin nan da damina, wannan mun sani, mun yi kukanmu mun share hawaye. Abin da ban sani ba shi ne gidajenmu na katako, masu tsayuwa a kan ginshiƙai, ba za su bi mu tudu ba. An jera mana wasu akurkin bulo a Sabuwar Unguwa, namu kuma katafila za ta bi ta kansu. Na ɗaga hannu na ce, "Yaro, tun yaushe ɗan ƙabilarmu ta Bugis ke barin gidansa a baya? Mu ɗaukar abinmu muke yi a kafaɗa." Sai ya buɗe wani ƙaton rahoto ya ce masana zamantakewa sun yi bincike, al'adar ɗaukar gida ta mutu a kwarin nan. Na ce wane masanin? Ya juyo mini bangon. Sunanka ne, Mappi, da Dakta a gaba.

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Tsoho Ambo Tuo har da cewa, "Malama, ba ke kika koya masa karatu a aji ɗaya ba?" Ni ce, kuma da na san inda karatun zai kai ka da na ƙara maka bulala.

A gidan nan aka yanke maka cibi. Ba zai nutse ba, katafila kuma ba za ta taɓa shi ba ina raye. Ka zo ka janye maganarka a gaban mutane.

Yayarka,
Saribulan

*

Makassar.

Zuwa ga Yaya Saribulan,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, takardarki ta iso ta hannun direban motar kasuwa, na kuma karanta ta cikin natsuwa duk da zafinta.

Yaya, ni na rubuta, kuma ba zan janye ba. Ɗalibaina sun zauna a garin nan tun daga shuka har girbi, ke ma kin ba su kofi. Ki gaya mini, yaushe rabon da a ɗaga gida a Salo Cenning? Tun Baba na da rai. Samarin da za su sa kafaɗa suna gonakin kwakwar manja can ƙetare a Sabah, mazan da suka rage kuwa sahu biyu ba sa cikawa ran Juma'a, kuma yawancinsu da sanda suke zuwa. Aikina in faɗi abin da na gani, ko da ya ɓata wa 'yar'uwata rai.

Akwai kuma abin da saurayin bai karanta muku ba. Da farko niyyar ofishin ita ce a warwatsa ku a garuruwa dabam-dabam. Rahoton nan da kike tsine wa shi ya sa aka bar ku wuri ɗaya, da masallacinku da maƙwabtanku, ga famfo ga ƙaramin asibiti. Kin manta yadda matar maƙwabcinmu Lasinrang ta rasu a cikin kwalekwale tana naƙuda? Ni ban manta ba.

Ina son gidan nan kamar yadda kike son sa. Amma katako ne, Yaya, mutanen cikinsa nake ƙoƙarin tsirarwa.

Ki huta lafiya. Nurhaeda na gaishe ki.

Ƙanenki,
Mappiare

*

Salo Cenning.

Mappi,

Sallama da gaisuwa. Ka zauna da kyau, ga labarin da zai yi maka daɗi.

Na sa liman ya yi sanarwar gayyar ɗaukar gida bayan Juma'a kamar yadda aka saba. Mun fitar da gado da tukwane, an ɗaure gora a ƙarƙashin daɓe tsakanin ginshiƙai, mu mata mun dafa shayi mun naɗa barongko, kayan zaƙin nan namu, a ganyen ayaba. Tsofaffin nan sun zo, Allah ya saka musu, kowa ya ci ya ɗaure zanensa ya shiga ƙarƙashi. Ambo Tuo ya hau tsani ya daka tsawa, "Ku ɗaga!" Gaban gidan ya tashi kamar taƙi ɗaya, bayan ko motsi. Ya sake tsawa. Sai muka ji ƙas, ginshiƙin baya ya tsage, liman kuma ya zube yana riƙe da ƙugu yana salati. Lasinrang ya ce, "Malama, gidan naki dutse kika ɓoye a ciki?" Aka yi dariya, ni ma na yi, na hau sama na rufe ƙofa na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

To ka yi gaskiya, Dakta, kuma ban gode ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, leburorin madatsar suna tsaye a bakin masallaci da hulunansu na roba suna kallonmu. Sansaninsu ba masallaci, namu suke zuwa. Ƙarti ne majiya ƙarfi, daga tsibiran Jawa da Lombok, har da mai tuƙa katafilar da za ta rushe ni.

Mun ɗaure ginshiƙin da igiya. Juma'a mai zuwa zan sake.

Saribulan

*

Makassar.

Yaya,

Gaisuwa da jaje. Wallahi labarin bai yi mini daɗi ba, ranar ko abinci ban iya ci ba. Ki gaishe mini da liman da jiki.

Na je ofishin madatsar da kaina na roƙi a bar gidanmu ya hau tudu. Shugaban aikin ya ce doka ce, bulo kawai ake so a Sabuwar Unguwa don ta yi kyau ranar da manya za su zo buɗewa, ya kuma tuna mini da maganata aka kafa dokar. Ko kin kai gidan can ba za a buɗe miki ƙofa ba.

Don Allah ki bari. Ki sa kafinta ya kwance shi, in aiko babbar mota, mu adana katakon a wurina. Kada wani tsoho ya mutu a ƙarƙashin gidan Baba.

Ƙanenki,
Mappiare

*

Daga kan hanya.

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, yau da fara'ata nake yin ta. Kafinta dai ka riƙe abinka, gida ba saniya ba ne da za a yanka shi gunduwa-gunduwa.

Ka san ƙa'idarmu, wanda ya yi Juma'a a masallacinmu ya ci zaƙin mai gida, to kafaɗarsa ta shiga aiki. Ba a taɓa cewa sai Bugis ba. Don haka wannan karon ban jira a gida ba, muka ɗauki farantai ni da matan unguwa muka tare ƙofar masallaci. Leburorin suka fito, yunwa na cin su, na ce, "Bismillah, 'ya'yana." Suka ci barongko har da lasar ganye. Sai da suka gama Ambo Tuo ya gaya musu abin da suka ci.

Mai katafilar, Sukirno sunansa, ya tsaya da ganye a hannu ya ce, "Inna, kin san ni aka ba aikin rushe gidan nan?" Na ce, "Na sani. In ka ɗauke shi ka huta da rushewa." Ya dubi 'yan'uwansa ya ce a ƙauyensu ma wata madatsa ce ta tashe su yana yaro, gidan uwarsa yana ƙarƙashin ruwa har yau. Ya cire hular robar ya ba ni ajiya.

Mappi, da ka gani! Baƙi a tsakiya inda nauyi yake, tsofaffinmu a gefe suna nuna musu yadda ake jefa ƙafa tare. Ambo Tuo na tsawa da Bugisanci, su ba sa ji, amma suna ɗagawa. Gidan Baba ya tashi ɗungurungum ya bi ta cikin gonakin shinkafa yana rangaji, mata na guɗa, ni ina biye da buta ina zagin duk wanda ya yi sanyi. Mun huta a hanya ba adadi. Kafin magariba muka iso tudu, suka cinye mini farfesun sa da shinkafa tas.

Mai gadin Sabuwar Unguwa ya ƙi buɗe ƙofa, kamar yadda ka ce. Na ce a sauke a nan. Hanyar ɗaya ce kuma siririya, gidan ya cika ta daga kwata zuwa kwata. Motocin siminti sun yi layi a baya, direbobin na hawowa shan kofi. Shugaban aikin ya aiko a gaya mini za a kira 'yan sanda, na ce su taho da kofunansu.

Maƙwabta uku sun je wurin liman, su ma suna son a yi musu sanarwa.

Yayarka,
Saribulan

*

Makassar.

Yaya,

Gaisuwa da jinjina. Na karanta wa Nurhaeda takardarki, ta yi dariya har da hawaye.

Abin da na rubuta game da samarinmu gaskiya ne, har gobe ina kan bakata. Inda na gaza shi ne na ɗauka jama'ar gari su ne waɗanda aka haifa a gari kawai. Na rubuta ƙarin bayani na kai ofishin, na ce al'adar na nan da ranta, dokar bulo kuma ba ta da tushe. Shugaban ya ce in janye takardar, in kuma zo in lallashe ki ki matsa, in ba haka ba a cire ni daga aikin. Na ce masa wadda ta koya mini karatu ba ta lallasuwa, takardata kuma tana nan inda na ajiye ta. An cire ni shekaranjiya. An kuma kai ƙarata jami'a, ban san abin da za su yanke ba, ban kuma damu ba.

Ina so in zo da ɗalibaina da na'urar ɗaukar hoto, wannan abu ya kamata a adana shi.

Ƙanenki mai biyayya,
Mappiare

*

Daga kan hanya.

Mappi,

Sallama. Na ji abin da suka yi maka, ya yi mini ciwo, kuma na yi alfahari da kai.

An kori Sukirno shi ma, yana kwana a ƙarƙashin gidan. An ba ni zuwa Asabar in kauce. Mu kuma Juma'a za mu sake ɗagawa, mu nufi ƙofar nan, a buɗe ko a rufe.

Ka bar na'urar a Makassar. Ɗaliban su zo, amma ka zaɓo masu ƙwari. Kai kuma na ware maka kusurwar baya, wajen ginshiƙin da ya tsage, nan ne ba wanda yake so.

Sai ka iso.

Saribulan