Ƙorafi Kan Baƙaƙen Hotunan Tsofaffin Ma'aikata Arba'in da Ɗaya

Nomau Jibrin, mai hoto,
Bayan tashar mota, Arlit,
Jihar Agadas.
Litinin, 19 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga
Mai girma Alhaji Abdulrazak Ɗalhatu,
Shugaban Ƙungiyar Taimakon Juna ta Tsofaffin Ma'aikatan Haƙa, Arlit.

Game da: baƙaƙen hotunan katin duba lafiya, da laifin da sakataren ƙungiya Malam Alhassane ya ɗora mini a bainar jama'a

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri gare ka da iyalinka, ni ne Nomau wanda ya yi shekara goma sha tara yana tuƙa bas ɗin ma'aikata, kuma yau shekara ashirin da biyu ke nan ina ɗaukar hoto a garin nan. Na yi shiru wata huɗu don girman ƙungiya. Yanzu ina neman izini in gabatar da ƙorafina.

1. A watan Disamba aka ba ƙungiya kyautar sabuwar kyamara, aka tura Malam Alhassane Agadas ya koyi aiki da ita. Kwana uku ya yi, ɗaya daga ciki a hanya. Ya dawo da takardar shaida mai hatimi biyu, ya rataye ta a biro, wato ofishin ƙungiya, daidai inda hoton shugabanmu na farko yake a da. Na roƙe shi sau biyu ya zauna ya nuna mini kanta, domin ni da tsohuwata na saba, wannan kuwa maɓallanta sun fi na gaban bas yawa. Ya amsa mini cewa ilimin na zamani ne, kada in wahalar da kaina, ya riga ya daidaita komai, nawa danna maɓalli ne kawai. Har ya sa filasta irin ta asibiti ya manne abin juyawar da ke saman kyamarar don kada hannun jahili ya taɓa.

2. Ranar 6 da 7 ga Janairu muka ɗauki mutum arba'in da ɗaya, waɗanda ke neman katin zuwa a duba musu ƙirji. Malam Alhassane ya tsayar da su jikin farin bango, taga a bayansu. Na ce ko mu juya su su fuskanci haske, ya ce a Agadas ba haka ake yi ba. Na ce ko in kunna fitilar kyamara, ya ce tana cin batir. A ɗan allon da ke bayan kyamarar kuwa fuskoki suna fitowa ba laifi, sai na ci gaba da ɗauka.

3. Ranar 9 ga wata na wanke hotunan. Ranka ya daɗe, ka gan su da idonka. Malam Inuwa, wanda baƙi ne irina, da Malam Tata, wanda fari ne sol, sun fito uwa ɗaya uba ɗaya. Wanda ya yi murmushi an ga haƙoransa. Wanda bai yi ba sai a gane shi da rawani.

4. Kwana uku kyamarar tana hannuna ina neman inda cutar take. Na sake tawada, na sake takarda, na kai hotunan injin wani abokin sana'a, duk baƙi. Na goge gilashi, na cika batir. Sai ɗiyata Hadiza, malamar lakwal, wato makarantar boko, ta zauna tana karanta mini littafin kyamarar shafi bayan shafi. A nan muka tarar da hoton abin juyawar nan, mai alamar ƙari da ragi, wanda ke ƙara wa hoto haske ko ya rage shi. Na ɓare filastar. Yana kan ragi uku, ƙarshen duhun da kyamarar ke iya yi. Ashe da tsakar rana aka koya wa su Malam Alhassane a fili, malaminsu ya rage haske saboda rairayi, shi kuwa gwanin namu ya ɗauka haka Allah ya halicci kyamara, ya manne ta a haka ya kawo mana cikin ɗaki. Shi kuma allon baya, an ƙure haskensa don a riƙa gani a rana, shi ya sa yake yi mana ƙarya. Farin bango da taga suka ƙarasa sauran. Na mai da abin kan sifiri, na tsayar da Sabiru mai gadi yana fuskantar taga. Har tsagar kumatunsa ana iya ƙirgawa. Ga hoton nan haɗe da wannan takarda.

5. Ranar 13 ga wata na kai wa Malam Alhassane hotuna biyu, baƙi guda da na Sabiru, na ce a kira mutane a sake, yini guda ya isa. Bai dubi hoton Sabiru ba. Filastar ya duba, ya ce na ɓata kayan ƙungiya. Ya karɓe kyamara da ɗan katinta mai ajiye hotuna ya kulle a durowa. Bayan kwana biyu ya aika da baƙaƙen hotunan Agadas a yadda suke. Aka dawo da dosiye, wato takardun neman katin, arba'in da ɗaya cif. Wani ma'aikaci can ya rubuta a bayan ambulan yana tambaya ko gawayin da ake haƙa a Anu Araren muka ɗauka.

6. A taron ranar Asabar 25 ga Janairu, kana Yamai, Malam Alhassane ya tashi gaban mutum fiye da ɗari ya ce, ga lafazinsa yadda aka rubuta a littafin taro: “Idon tsohon nan ya ƙare, kayan zamani ba nasa ba ne.” Aka yi dariya. Da na ɗaga hannu sai aka ce lokacin salla ya yi. Tun daga ranar masu biki da suna suka fara wuce ƙofata, yara kuma suna kirana Mai Gawayi a kasuwa. Mutumin da bai san gaban kyamara da bayanta ba shi ke yi wa idona hukunci.

7. Cikin arba'in da ɗayan nan akwai Malam Ahmudu, mutumin Tawa, wanda ya yi shekara ashirin da shida a ƙarƙashin ƙasa. A kan kabu-kabu aka kawo shi ranar 7 ga wata, mutum biyu na riƙe da shi. Ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya ce in jira tarin ya lafa kafin in danna, don ba ya so ƴaƴansa su gan shi a duƙe. Na jira. Allah ya karɓi ransa ranar 2 ga Fabrairu, katin bai fito ba. Ajali na Allah ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma matarsa Malama Siddiƙa ta aiko mini sau uku tana neman hoton nan, don ba su da wani sai na bajen aiki, wato katin shaidarsa, da rana ta cinye. Wani masani a Agadas ya tabbatar mini ana iya fito da fuskar in an ba shi asalin hoton da ke cikin katin kyamarar. Sau huɗu na je biro. Kullum mabuɗin durowa yana gida.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo da girmamawa:

A share maganar nan daga littafin taro, a karanta wannan takarda a taro mai zuwa, Malam Alhassane yana zaune.

A sake ɗaukar mutum arba'in da suka rage. Waɗanda ba sa iya tashi zan bi su gida da ƙafata.

Sama da duka, a buɗe durowar nan cikin makon nan, ko da makullin ko da guduma. Takabar Malama Siddiƙa saura mako uku, daga nan ƴan'uwanta za su mai da ita Tawa. Ba na so ta hau mota ba tare da fuskar mijinta ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Nomau Jibrin
Mamba mai lamba 58