Motar Gas da Mataccen Hanci

Asabar, 5 ga Fabrairu, 2022

Kwana uku na yi a layin banzin, wato fetur, a Sinja, na dawo da tanki yadda na tafi da shi. Boksina, tsohuwar a-kori-kurar da na shekara talatin da ɗaya ina tuƙawa, tana cikin rumfa ta yi shiru. Mata sun jera kwandunan tumatir a ƙofar gidana, sai ka ce ni na ɓoye man. Ita ce mota ɗaya tilo a ƙauyen nan. In ban kai su kasuwar Abu Hujar ba, ba mai kai su, tumatir kuwa ba ya jiran kowa.

Matata Dije ta buga wa ƙaninta Uzairu waya, makanike ne a Managil. Wai yanzu yana mai da tsofaffin injuna su riƙa aiki da gas na girki. Na ce mata mota ce da ni, ba murhu ba. Ta ce to in zauna in yi ta gadinta.

Talata, 8 ga Fabrairu

Uzairu ya iso jiya da buhun ƙarafa. Yau ina tsaye ya huda mini bayan mota, kowane juyi kamar a haƙorina yake yi. Ya kafa anbuba, tukunyar gas irin ta kowane gida, ya ɗaure ta da ɗamarar ƙarfe. Ya ja tiyo ta ƙarƙashin mota har gaba, ya haɗa shi da wani ɗan abu mai rage ƙarfin gas, daga nan zuwa wani zobe da ya sa a bakin kafireta. Ya ce tsohon inji ya fi sabo sauƙin kai, ba shi da wayoyin da za su yi gardama. Ban sani ba ko da ni yake.

Ya ce in murɗa. Na murɗa don in kunyata shi.

Ta tashi. Wallahi ta tashi, babu ɗigon banzin a cikinta, kuma muryarta ta fi ta da laushi. Na daɗe zaune baki buɗe har ya fara dariya.

Da ya gama dariyar sai ya ɗaure fuska. Ya ce, “Yaya, wanga abu ba a yi mai wasa. Ya hi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasa shi ka kwanciya, kuma ido bai ganin shi. Don haka anka sa mai wari. Kullum kahin ka taɓa makulli, ka duƙa ka shinshina. Hancinka shi ne mai gadinka. Ka gane? Halas?”

Na ce halas.

Laraba, 9 ga Fabrairu

Abin da ban gaya wa Uzairu ba, bari in gaya wa takarda.

Ba na jin wari. Ba na jin ƙamshi. Tun zazzaɓin korona da ya kwantar da ni bara waccan hancina ya tafi bai dawo ba. Ba wanda ya sani, har Dije. Ni Usta Abdussalami, gwanin inji, da ake kawo wa mota daga wani gari in shaƙa in ce kuloci ne ke ƙonewa. Da farko kunya ce, ina cewa gobe zai dawo. Daga baya ƙaryar ta yi tsawon da ba ta naɗuwa.

Jiya da gangan ya saki gas kaɗan don in san warin. Ya toshe hanci, ni ma na toshe. Ban ji komai ba.

In ya sani, zai kwance kayansa ya koma Managil, motar ta mutu, ni ma in bi ta da zaman gindin bishiya. Ya nuna mini dabarar ruwan sabulu: a shafa a mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ido na da shi. Zai wadatar.

Alhamis, 10 ga Fabrairu

Tafiyar farko. Mata sun tsaya nesa suna karanto addu’o’i. Hajiya Sara, wadda ta fi kowa baki a cikinsu, ta rantse ba za ta hau abin da zai kai ta lahira ba a yi mata wanka ba. Da ta ga ana loda tumatir ɗin wasu, ita ce ta fara hawa, ta zauna jingine da anbubar.

A Abu Hujar mutane sun yi mini zobe. Wani ya tambaya ko zan dafa masa shayi a kan hanya. Na yi ta hura hanci, ni da hancin nan nawa.

Lahadi, 13 ga Fabrairu

Kullum da safe ina duƙawa in shinshina da ƙarfi, don maƙwabta su gani.

Talata, 15 ga Fabrairu

Na gangara bakin kogi ɗauko albasa. A hanyar dawowa wani kututture ya daki cikin motar, na ji ƙarar. Na shafa sabulu a mahaɗun sama, babu kumfa. Ƙarƙashi kuwa, bayana ke ciwo, na ce sai gobe.

Laraba, 16 ga Fabrairu

Zan rubuta yadda ya faru.

Da safe na buɗe kan anbuba, na koma ciki na sha shayi a tsanake. Na dawo rumfa, na yi duƙawar da na saba, na shiga mota na zauna ina jiran mata su kawo kaya. Rumfar nan zana ce ta kewaye ta ta gefe uku, iska ba ta ratsawa.

Sai ga Dije ta fito daga cikin gida da kaskon turaren wuta, garwashi ja wur. Ashe Hajiya Sara ta gaya mata cewa a kasuwa an yi ta yabon motar ba mai cewa masha Allah, ya kamata a turara ta saboda baki. Haka take yi wa duk sabon abu a gidan nan, har akuya. Tun ranar da ya haɗa gas ɗin Uzairu ya ce in gargaɗi mutanen gida game da wuta. Ban yi ba.

Na ga tana zuwa. Na yi mata murmushi. Har hannu na ɗaga na yafito ta.

Saura taku biyar ta shigo rumfar sai ta tsaya cak. Fuskarta ta canza. Ba ta yi ihu ba. Ta kife tafin hannunta a kan garwashin, ta juya da gudu, mace mai ciwon gwiwa, ta jefa kaskon cikin randar ruwa. Sannan ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, “Malam, kak ka taɓa makulli. Hito.”

Yatsuna suna kan makullin.

Na fito. Ita ta tuna mini in rufe anbubar, ni kaina ya tsaya. Muka yaye zanar. Da aka daɗe na shiga ƙarƙashi: tiyon ya tsage, tsawon ɗan yatsa.

Tana zaune a ƙasa, hannunta cikin ƙwaryar ruwa. Ta ce, “Tun daga bakin ƙohwa wari ya buge ni. Kai kana zaune tsakiyarshi. Ba ka ji ba?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce ban ji ba. Ta ce tun yaushe? Na faɗa.

Ta dube ni kawai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mata ashirin nake ɗauka a bayan motar nan, wasu da goyo. Sai yau na lissafa su da fuskokinsu.

Alhamis, 17 ga Fabrairu

Tafin hannunta ya tashi, an naɗe shi. Na gaya wa mata mota ta lalace.

Magana ɗaya ta yi mini yau, ba ta ko kalle ni ba. “Shekara biyu ina haɗa humra, ina zama bisa hayaƙin dukkan, turaren jikin ga na mata, har idona su yi ja, kana ce min ya yi ƙamshi. Don wa ni ka yi?”

Ni ina tsammanin maganar mutuwa za ta yi.

Juma’a, 18 ga Fabrairu

Ta kira Uzairu. Na kasa kunne ta bayan katanga, ba kunya. Cewa kawai ta yi tiyo ya fashe.

Lahadi, 20 ga Fabrairu

Uzairu ya zo da sabon tiyo mai rigar ƙarfe. Ya duba tsagar, ya dubi hannun yayarsa. Sannan ya ce, “Yoyo kamar wanga, jaki ma ya ji shi daga waje. Ƙaƙa anka yi?”

Dije tana bakin ƙofa. Ta bar mini filin. Ina da ƙarya a shirye, wai mura nake yi. Na buɗe baki in faɗe ta, idona ya sauka a kan ƙyallen hannunta.

Na gaya masa gaskiya.

Ban taɓa ganin yaron nan haka ba. Ya zauna a kan taya, ya ce, “Na saki gas gabanka, ka toshe hanci.” Na ce na toshe. Ya tashi ya ɗauki sufana ya nufi anbubar. Ya ce ba za a ce shi ya ƙone ’yar’uwarsa da rabin matan gari ba. Ban hana shi ba. Da wane baki?

Ya kwance noti ɗaya, Dije ta ce, “Uzairu, aje.”

Ya ce, “Yaya Dije, mutumen ga ba shi da hanci.”

Ta ce, “Gidan ga akwai hanci. Ɗaura tiyonka. Makulli wurina shi ka kwana, kuma mota ba ta tashi sai ina ciki.”

Sun daɗe suna ja da Larabci da Hausa, ni mai motar ina tsaye kamar baƙo. A ƙarshe ya ɗaura, amma sai da ya sa na rantse zan gaya wa matan da bakina.

Litinin, 21 ga Fabrairu

Na gaya musu. Uku sun sauke kwandunansu. Hajiya Sara ta ce dama ta lura, wai ranar da kifinta ya ruɓe a mota ni kaɗai ne ban yi ƙorafi ba. Ta tambaya ko Dije za ta riƙa zuwa. Da aka ce e, ta hau.

Alhamis, 24 ga Fabrairu

Kwana huɗu ke nan Dije tana zama a gaba. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa zama a kujerar nan zuwa kasuwa ba, yanzu har tana gaya mini inda rami yake. Da safe sai ta zagaya motar sau biyu, ta duƙa da gwiwar nan tata, sannan ta kwance makulli daga bakin mayafi ta miƙo. Ba wai na saba ba ne. Jira kawai nake yi, tunda ba yadda zan yi.

Har yanzu magana ba ta dawo sosai ba.

Yau a hanyar dawowa, wajen gonakin bakin kogi, ta ɗaga kai ta ja numfashi. Ban san lokacin da na taka birki ba, har na baya suka yi karo da juna. Na ce gas ne?

Ta ce a’a. Ta juya tana kallon waje. Ta ce, “Ban ruwa anka yi ma albasa. Ƙasa na ƙamshi, irin na ruwan hwari.”

Na tayar da mota. Gonakin ba su da tsawo, amma a giya ta ɗaya na wuce su.