Launin da ke Ƙarƙashin Ƙusa

Baba,

Gaisuwa mai yawa daga Rosario. Yaya gwiwar Mama? 'Yar'uwata Ramona ta sauka kuwa? Ni lafiya lau nake. An rage mana kwanakin aiki a maɗaba'a, amma kada Mama ta damu, hutu ma yana da ranarsa.

Duk Asabar mu biyar muke haɗuwa a garejin wani dattijo mai suna Don Anibal, muna sake zana allon tsohuwar na'urarsa ta finbol, irin wadda ƙwallon ƙarfe ke gudu a ƙarƙashin gilashi. Wata uku muna haɗa fenti don mu dace da launin ruwan goron da ke bangon zanen. Ni na samo shi, har suka tafa mini.

Jiya Graciela, wadda ke mana gyaran wayoyi, ta cire wata ƙusa da ba a taɓa ba shekara arba'in. Baba, ƙarƙashinta ja ne wur! Ashe sauran koɗewa ya yi.

Don Anibal ya ce, "Shekara ashirin ina kallon ruwan goro, shi za a shafa."

Graciela ta ce, "Tsoho, tsufanka kake so mu zana, ba allon ba."

Ni suka bar wa hukunci. Kai da ka yi shekara talatin kana rubuta allunan shaguna, wanne ne na gaskiya, launin da aka shafa tun farko ko wanda ido ya saba da shi?

Allah ya ƙara maka lafiya. Ka haɗo amsar da hoton ƙofar gidanmu. Shuɗiya nake tunawa, amma shekara shida ke nan rabona da ita, na daina yarda da idona.

Ɗanka,
Eulogio